Ina son in koma ɓangaren masu ciwon daji, a ina ake koyon wannan aikin?

Ummi_Nas:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 3 da fara aiki, kusan duka a ɗakin tiyata na mata. A watan jiya kaɗai mata huɗu muka kwantar masu ciwon dajin mama, babu wadda ta zo da wuri. Ɗaya daga cikinsu da muka kwance tsumman da ta naɗe ƙirjinta da shi, gyambon ya riga ya fashe, an barbaɗa masa garin magani har ya yi ɓawo. Na wanke, na sa bandeji, na ba ta maganin da aka rubuta. Da dare ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, faɗa mini gaskiya, zan tashi?" Wallahi na rasa abin cewa. Na ce Allah zai ba da lafiya, na fita na tsaya a baranda.

A makaranta abin da aka koya mana kan wannan ciwo bai wuce 'yan lakcoci ba, muka haddace matakai huɗu, muka rubuta jarrabawa. Ban taɓa ganin yadda ake haɗa maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, ba, ban taɓa shiga ɗakin gashi, inda ake kashe ciwon da hasken na'ura, ba. Ina son in ƙware a wannan fannin. Waɗanda suka riga mu, a ina ake karatun? Kuma shin karatun ne ke koyar da mutum ko sai ya zauna a ɗakin masu ciwon? Kawuna ya ce in bar shi in karanci ungozoma, wai wannan aikin rakiyar gawa ne.

Sista_Binta:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Akwai makarantar horon ma'aikatan jinya kan ciwon daji a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, kwas ne na gaba da matakin farko, ƙarƙashin hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa. Sai kina da lasisinki da 'yar gogewa, kuma ki nemi wurin aikinki su sake ki. Wannan amsar tambayarki ta farko ke nan.

Ta biyun kuwa, bari in ba ki labarin yadda ni na koya. Kafin in je kowane kwas aka mayar da ni ɗakin da ake ba da kemo, don kawai babu mutane. Akwai wani magani ja, doksorubisin, da ake yawan ba masu ciwon mama. Ranar nan na sa wa wata baiwar Allah kanula, wato ɗan bututun da ake sawa a jijiya, a bayan hannu, na fara turawa, ta ce, "Sista, yana mini zafi kamar barkono." Na ce ta yi haƙuri haka yake. Ashe kanular ta fita daga jijiya, maganin yana shiga cikin tsoka. Bayan mako biyu wurin ya yi baƙi ya rufta, sai da aka yi mata dashen fata. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa da zarar ta ce zafi, tsayawa ake yi nan take, ba a zare kanular, sai an fara zuƙo abin da za a iya zuƙowa ta cikinta, a zana iyakar wurin da biro, a ɗora ƙanƙara, a kira likita. Ban kuma san wani maganin, kamar binkiristin, ɗumi ake sa masa ba sanyi ba. Magana ce ta minti biyar, amma ba wanda ya zaunar da ni. Don haka aji da bakin gado duk sai an haɗa. Abin da na ƙi jini shi ne a jefa yarinya ɗakin kemo a ce ta koya a jikin mutane.

Abu_Safwan:
Allah ya saka da alheri Sista da kika faɗi wannan. Ba kowa ke iya faɗin kuskurensa ba.

Famasis_Kabiru:
Na goyi bayan Sista Binta, zan kuma ƙara daga ɓangarenmu na masu haɗa magani. Ba mai ciwon kaɗai rashin horo ke cutarwa ba, har da ma'aikacin. Na taɓa shiga wani ɗakin marasa lafiya na tarar da nas mai juna biyu tana haɗa maganin kemo a kan tiren allura, fanka tana kaɗawa a samanta, safar hannu ɗaya, ba takunkumi. A ƙa'ida cikin akwatin gilashi mai zuƙe iska ake haɗa shi, da safa biyu da riga ta musamman, kuma mai ciki ba ta da hurumi a wurin. Sannan lissafin adadin maganin da tsawo da nauyin mutum ake yi, mutum biyu su duba kafin a ɗaura. Shi wannan jan maganin da ta ambata akwai iyakar abin da jiki zai sha a tsawon rayuwa, in aka zarce yana kama zuciya. In ba a rubuta abin da aka ba mutum a baya ba, wa zai san an kai iyaka? Mu ma a jami'a taɓa shi kawai aka yi. Duk abin da na sani yanzu a bita da kuma wurin wani dattijon famasis na samu.

Dr_MK:
Sista Ummi, kawunki ya faɗi abin da mutane da yawa ke ɗauka ne, amma ba haka abin yake ba. Ciwon mama da na bakin mahaifa in aka kama su da wuri ana warkewa sarai. Ina ganin mata da suka gama magani shekaru da suka wuce suna zuwa duba kawai, wasu da goyo.

Tun da akwai ɗaliban likitanci a nan bari in faɗi tamu hanyar. Bayan digiri da aikin horon shekara ɗaya da hidimar ƙasa, sai ka ci jarrabawar share fage ta kwalejin horon ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Daga nan ka nemi gurbi a asibitin koyarwa da aka amince masa, kamar Shika a Zariya, ko Ibadan, ko Legas, ko Abuja. Ka yi zangon farko ka rubuta jarrabawa, ka yi na biyu da bincike, ka sake rubutawa. Shekara biyar zuwa shida ke nan in komai ya tafi daidai. A nan ƙasar likitan gashi shi ne kuma yawanci ke ba da kemo, ba kamar Amurka ba inda aka raba su biyu.

Inda gizo ke saƙar shi ne na'urar gashi. A lokacin da nake zangon farko na'urarmu ta tsaya wata da watanni. Muna karanta yadda ake zana iyakar ƙari a hoton sikanin, a kare mafitsara da dubura, amma ba mu da mai ciwon da za mu yi wa. Kamar a koya maka tuƙi ne a allo. Sai da na yi wata uku a wata cibiyar da kuɗin aljihuna kafin hannuna ya faɗa. Kuma ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Mai ciwon bakin mahaifa ana yi mata gashi na waje kamar sau 25 cikin mako biyar, da kemo mai sauƙi duk mako, sai gashi na ciki, ana so a kammala duka cikin mako takwas. In na'ura ta tsaya a mako na uku, ƙwayoyin ciwon ba sa jira.

Dan_Fiziks:
Dakta ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Kowa likita da nas yake gani, ba a san da mu ba. Na'urar gashi ba a kunna ta a ɗora mutum sai masanin fiziks na asibiti ya auna abin da take fitarwa. Ta kobalt, ƙarfinta yana raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari kowane wata. In ba a gyara lissafin lokaci ba, mutum zai yi ta zuwa yana kwanciya amma abin da yake samu bai kai ba. Sababbin masu aiki da lantarki kuma kullum da safe sai an gwada su kafin mai ciwo na farko ya shiga. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ce bayan digiri na biyu sai mutum ya yi aƙalla shekara biyu yana horo a asibiti ƙarƙashin ƙwararre kafin a bar shi shi kaɗai. Mu da yawa mun yi digirin, gurbin horon ne ya yi ƙaranci. Abokina sai Ghana ya tafi. Wasu sun koma koyar da fiziks a sakandare, alhali ana ta maganar sayo sababbin na'urori.

Garba_Zariya:
To ni tambayata, ba gara a fara horar da mutanen ba kafin a sayo na'urar? Ai ba a sayen doki a rasa mai hawa.

Dr_MK:
Malam Garba, tare suke tafiya. Ba na'ura ba za ka horar ba, ba mutane na'urar za ta zauna cikin akwati. Amma na'ura ana iya kafa ta cikin shekara ɗaya ko biyu, likita kuwa sai shekara biyar zuwa shida. Ranar da aka aza harsashin gini ya kamata a ce waɗanda za su yi aikin sun riga sun yi nisa a karatu.

Hajiya_Maman_Yara:
Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, jinyar mahaifiyata na yi shekara biyu, Allah ya jiƙanta. Ku yi haƙuri in sa baki. Duk maganar na'ura da kuke yi gaskiya ce, amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ranar da sakamako ya fito, wani matashin likita ya tsaya a bakin gadon, ɗalibai sun kewaye shi, ya yi ta Turanci da su. Da ya juyo sai ya ce mana, "Ya riga ya bazu, ba abin da za a iya yi, ku kai ta gida." A gaban maƙwabtan gado. Inna ta ji. Daga ranar ta daina cin abinci. Ba na cewa mugu ne, na san ba a koya masa ba ne.

Bayan wata biyu muka samu wata likita a wani asibitin. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "Inna, me aka gaya muku game da ciwon nan? Me kuke son ku sani, ko kun fi so in yi magana da 'yarku?" Ta rubuta mata ruwan mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, cokali duk bayan awa huɗu, da maganin sakin ciki. A daren Inna ta yi barci, karo na farko cikin makonni. Ta yi azumin da ya rage mata a zaune, ta raba kayanta da hannunta, ta yafe wa kowa. Ashe akwai abin da za a iya yi. Ummi 'yata, in za ki koya, ki koyi irin na wannan likitar.

Ummi_Nas:
Allah ya jiƙan Inna, Hajiya. Kun sa ni hawaye. Irin tambayar da matar nan ta yi mini ce, na gudu.

Sista_Binta:
Amin. Abin da Hajiya ta faɗa fanni ne mai zaman kansa, kula da mai ciwon da ba zai warke ba, kuma ana koyar da shi. Tsoron mofin ya yi mana yawa. Da yawanmu an tarbiyyantar da mu cewa yana sa jaraba ko yana gaggauta mutuwa, sai a bar mutum yana ihu ana ba shi farasitamol. In an fara da kaɗan ana ƙarawa daidai da zafin, bisa agogo ba sai ya yi kuka ba, lafiya lau ne. Ku dubi Yuganda. Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar irin wannan kulawa a can a 1993, suna haɗa ruwan mofin mai araha. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka yi horo na musamman izinin rubuta shi, saboda sun san likita ba zai isa kowane ƙauye ba. Horo ne ya buɗe wannan ƙofar.

Malam_Sani_Hausa:
Ni malamin Hausa ne, ina bin maganar tun daga sama. Akwai gefen da nake ganin makarantun lafiya sun yi wa riƙon sakainar kashi, wato harshe. Ɗalibi yana karatu da Turanci, ya ci jarrabawa da Turanci, sai a kawo shi gaban tsohuwar da ko "kam" ba ta ji. Mu kanmu suna uku muke kira, ciwon daji, sankara, kansa, kuma a kunnen mutanen karkara ba abu ɗaya ba ne. Da ka ce daji, abin da ke zuwa ransu shi ne ciwon da ba a taɓa shi da ƙarfe, wai in allura ko wuƙa ta shiga sai ya fusata. Da ka ce gashi, sai ta ga wuta da ƙarfen tsire. Kun taɓa zama kun tsara yadda za a faɗi waɗannan da Hausa, ku sa ɗalibai su gwada a junansu? Har a rediyo ina jin ana cewa ciwon dajin mafitsara alhali furostet ake nufi, wanda wani abu ne daban da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Mace ta ji sai ta ɗauka ita ma tana da shi.

Dr_MK:
Malam Sani, gaskiya kuka faɗa. Ni abin da nake ce musu shi ne, haske ne irin na hoton ƙashi amma mai ƙarfi, ba za ki ji zafi ba lokacin da ake yi, ba za ki ga wuta ba, minti kaɗan ne ki tashi, kuma ba za ki kai wa jikokinki komai gida ba. Daga bakin wata tsohuwar mai shara na koyi rabin wannan, ita ce ke lallashin mata a layi. Game da ƙarfe kuwa, dalilin da ya sa maganar ta zauna shi ne mutane suna zuwa a makare, a yi aiki, bayan wata uku a rasu, sai a ce wuƙar ce. In ɗalibi bai san wannan tunanin yana nan ba, zai rubuta "ta ƙi yarda da aiki" a fayil ya wuce.

Jikan_Sarkin_Aska:
Kada dai a mayar da masu maganin gargajiya abin zargi. Kakana wanzami ne, kuma mutane wurinsu suke fara zuwa saboda suna saurarensu, ba sa yi musu tsawa, kuma ba sa cewa a kawo dubu ɗari kafin a taɓa su. In kuna maganar horo ku haɗa da su.

Auwal_Lab:
Ba wanda ya zage su. Amma wanda ya tsaga ƙullutu a mama ya cusa magani ya riƙe mace wata takwas, ya cuce ta, ko wane ne shi.

Jikan_Sarkin_Aska:
Na yarda. Shi ya sa na ce a koya musu su gane wanda ba nasu ba ne su tura asibiti. Ungozomomin gargajiya ai an yi musu irin wannan.

Auwal_Lab:
A nan mun haɗu. Kuma don kada a ce gefe ɗaya nake duka, bari in faɗi namu na cikin asibiti. Ina aiki a ɗakin gwajin tsoka. Sau nawa ake kawo mana ƙullutun da aka cire a cikin ruwan gishiri, ko cikin kwalbar man shafawa da ɗan fomalin, ruwan da ke hana tsoka ruɓewa, a gindinta, bayan ya kwana uku a aljihun ɗan uwan mai ciwon? Kafin ya iso ya ruɓe. Ƙa'idar ba ta da wuya, a jefa shi cikin fomalin mai kashi 10 cikin awa ɗaya da cirewa, ruwan ya ninka tsokar kamar sau goma, in babba ne a tsaga shi don ruwan ya shiga. Na mama ana so ya jiƙa tsakanin awa 6 zuwa 72. Amfanin wannan shi ne, daga tsokar ake gane ko ciwon irin wanda ke jin sinadarin mata ne. In haka ne, ƙwayar tamoksifen da za ta riƙa sha a gida kullum tana taimakonta ƙwarai. In tsokar ta lalace gwajin zai iya nuna babu alhali akwai, an hana ta magani mai sauƙi ke nan. Mafi muni ma waɗanda ke cire ƙullutu su jefar a bokiti, su ce wa mace an gama. Ba ƙwararrun ciwon daji ne ke wannan ba, likitocin ƙananan asibitoci ne, kuma su ne mace ke fara gani. Ni da za a bi tawa, duk ɗalibin likita sai ya yi mako biyu a ɗakinmu yana karɓar kwalabe.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar sai 2021 aka fara gashi a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya. Kafin nan sai mai hali ya fita waje. Lokotorori da masu aikin na'urar a ƙasashen waje aka horo su. Da hukumar ta buɗe shirinta na taimaka wa ƙasashe da gashi a 2022, Nijar da Cadi suna cikin na farko. Amma daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, Kano da Katsina sun fi mana kusa. Ni infirmiye ne, wato nas, kuma abin da nake fata shi ne a samu hanyar da za mu riƙa zuwa bita wurin juna. Takardunmu Faransanci, naku Turanci, amma a bakin gado duk Hausa muke yi. Abin da Malam Sani ya ce in an tsara shi zai yi mana aiki mu duka.

Bilkisu_PHC:
Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, a ƙauye. Kuna ta maganar Abuja da Shika, mu nan ko hoton ƙirji sai an yi tafiyar awa biyu. Amma bitar kwana biyar da aka yi mana ta canja aikina. An koya mana duba bakin mahaifa da ruwan binega mai kashi 3 zuwa 5, a shafa, a jira minti ɗaya, in wuri ya yi fari fat a gefen bakin to akwai abin dubawa. Matsalar ita ce a kwana biyar da hotuna muka fi gani. Da na dawo komai fari nake ganinsa. Sai da wata babbar ungozoma ta riƙa zuwa duk wata muna dubawa tare kafin idona ya buɗe. Bita ba bibiya, kuɗin alawus ne kawai. Sannan tun da aka fara rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo ciwon dajin bakin mahaifa, ga 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, mu ne ke amsa tambayar iyaye, wai ko na hana haihuwa ne. Wanda bai san alaƙar ƙwayar da ciwon ba, ya zai gamsar da uba?

Nura_Riyad:
Bari in faɗi abin da ba a so a ji. Ku horar da mutum dubu, rabi za su fita. Ni na fita, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Na yi shekaru ina aikin ɗaukar hoto da gashi a gida, albashi ba ya kai ƙarshen wata, na'ura na tsayawa muna kallon mutane suna komawa gida. Ummi, ki yi karatun, takardar za ta yi miki amfani ko'ina.

Sista_Binta:
Nura, ba wanda zai ga laifinka, kowa ya san halin da ake ciki. Amma yarinyar nan ba takardar fita ta tambaya ba. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 ya nuna sama da mutum 127,000 ne ke kamuwa a Najeriya a shekara, kusan 80,000 na rasuwa. Wani dai sai ya tsaya. Kuma tun da kana can, me zai hana ka riƙa ba ƙannenka darasi ta waya ko sau ɗaya a wata? Yadda ake kwantar da mutum daidai kan alamar da aka yi masa kullum, ai ka fi mu sani.

Nura_Riyad:
Wannan zan iya, Anti. Abin da na gani a nan da ya fi burge ni ma ba na'ura ba ne. Duk mako ana zama, likitan tiyata da na gashi da na gwajin tsoka da mai karanta hoto da nas, a ɗauki fayil ɗaya bayan ɗaya a yanke shawara tare, ɗalibai na zaune suna ji. Ɗaki ne da kujeru da allo. A nan ƙananan likitoci ke koyon abin da ba ya cikin littafi.

Dr_MK:
Ana yin irin wannan zaman a wasu asibitocin koyarwa na gida ma, sai dai bai zama dole ko'ina ba. Yanzu akwai cibiyar bincike da maganin kansa ta ƙasa, NICRAT, wadda ta fara aiki a 2023, kuma horar da ma'aikata yana cikin aikinta. A Ruwanda ma a Butaro, cikin karkara, suka buɗe cibiyarsu a 2012, likitoci na gama-gari da nas-nas ne ke yawancin aikin bisa rubutacciyar ƙa'ida, ƙwararru na duba su. Ba sai kowa ya zama kwansaltan ba kafin a fara.

Garba_Zariya:
Ni har yanzu ina kan bakana, a fara da mutane. Ko kwalbar Auwal ai ba na'ura take buƙata ba.

Ummi_Nas:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta komai sau biyu. Zan nemi fom ɗin Abuja in an buɗe, na kuma yi wa matiron ɗinmu magana yau ko za ta bar ni in riƙa zuwa ɗakin kemo ranar da nake hutu in tsaya bayan wadda ta iya. Ta ce za ta duba. Kawu kuma sai na je gida da kaina. Auwal, na leƙa ɗakin tiyatarmu ɗazu, jarkar fomalin ɗin babu ko ɗigo, na rubuta a nemo. Anti Binta, kafin in samu kwas ɗin, mene ne abu ɗaya da kike ganin ya kamata in sani tun yanzu? Matar nan da na ba ku labari an fara mata kemo, tana dawowa wurinmu wankin gyambo.

Sista_Binta:
Zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an ɗaura mata, ƙwayoyin jinin da ke kare ta suna faɗuwa ƙasa. In ta zo da zafin jiki ya kai 38, kada ki yarda a ce maleriya ce a ba ta magani ta tafi, kada kuma ta bi layi. A ɗebi jini, a kira likita, a sa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya, gwajin maleriyar a yi shi tare. Ki rubuta mata ranar da aka yi kemon a kati ta riƙa yawo da shi, ki nuna wa 'yarta yadda ake karanta ma'aunin zafi. Ki kuma gaya mata in jan maganin ne fitsarinta zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne, kuma gashin kanta zai zube amma zai dawo. Ranar da za ta zo wankin, ki jawo kujera kafin ki kwance bandejin.

Issoufou_Maradi:
Anti Binta, wannan katin da kika ce, in kina da samfurinsa da Hausa ki sa mana shi nan. Zan buga in raba a gidan likitarmu.

Sista_Binta:
Da hannu nake rubutawa. Bari in sauka daga aikin dare in tsara shi, Malam Sani ya duba mana Hausar kafin ka buga.